A gidan wa ya sauka?

Kasuwar Hausa ba ta taɓa ƙyamar baƙo ba, domin da baƙo take ci. Gishirin Bilma da dabinon Kawar, goron Gwanja, takarda da alharinin da suka ratso Sahara daga Tarabulus, duk a bayan raƙuma da jakunan baƙi suka iso mana. Sai dai akwai wata tambaya guda da magabata ba sa tsallakewa kafin su kwance bakin jakar kuɗi: wannan baƙo, a gidan wa ya sauka? Amsarta ita ke nuna ƙofar da za a buga idan kaya ya fito da aibi bayan mai shi ya yi nisa. Wannan tsohuwar tambaya nake so mu ɗauko, mai karatu, mu aza ta a kan sabuwar kasuwar da ke ci dare da rana cikin wayoyinmu na salula, inda mai sayarwa yana Sin ko Turkiyya ko Dubai, mai saye kuwa yana zaune ƙarƙashin dalbejiya a Tasawa.

Duk wanda ya san Damagaram ya san tana da Birni, tana kuma da Zango. A ƙarni na 19, musamman zamanin Sarki Tanimun, lokacin da ciniki da arewacin Afirka ya bunƙasa, a Zango ayari ke sauke kaya, kuma kowane falke yana da mai masaukinsa. A Kano ana ce wa irin wannan mutum fatoma, kalmar da aka aro daga Barebari, ma'anarta mai gida. Shi ke ba baƙo ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya yi masa tafinta, ya haɗa shi da dillali. Hausawa sun tafi da wannan tsari duk inda fatauci ya kai su. Wani masanin Ingila mai suna Abner Cohen, wanda ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya bayyana a littafinsa na 1969 yadda ake sayar wa mahautan Yarabawa shanun arewa bashi, babu takarda babu sa hannu, saboda maigidan da ya sauki mai shanu ya ɗauki lamunin kuɗin. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai san yadda zai yi.

Ni kaina a zauren irin waɗannan mutane na tashi. Kakana na wajen uwa dillalin dabbobi ne a wata kasuwar mako ta jihar Maraɗi. Tun daren jajibirin kasuwa zaurensa ke cika da Fulani da Buzaye, a shimfiɗa musu tabarmi, a kai musu tuwo, a ɗaure bisashensu a bayan gida. Da safe shi ke shiga gaba zuwa kara. Mai saye ba ya tambayar Bafillace sunansa, bai ma damu ya san rugarsa ba. Fuskar kakana yake kallo. Wata shekara an sayar da wani bajimi ta hannunsa, bayan kasuwa biyu sai ga masu shi sun biyo sawu, ashe na sata ne. Wanda ya kawo shi ya riga ya ɓace. Kakana ya sayar da tumakinsa ya mayar wa mai saye kuɗinsa cif, ba tare da an je gaban sarkin kasuwa ba. Da na girma na tambaye shi dalili, sai ya ce mini: "Kai yaro, la'adar da kake gani ina karɓa kuɗin me ce? Ai kuɗin irin wannan rana ce." Daga ranar ya daina saukar duk wanda wani sananne bai gabatar masa ba.

Kasuwar intanet ta ɗauki rabin wannan tsari ta bar rabi. Manyan kamfanoni irin su Amazon da AliExpress da Temu da Shein fili ne suke shimfiɗawa, dubban ƴan kasuwa su zo su baje haja. A Amazon, fiye da kashi 60 cikin 100 na kayan da ake sayarwa na irin waɗannan masu cin gashin kansu ne. Kamfanin yana nuna kaya, yana karɓar kuɗi, sau da yawa shi ke ajiyewa ya kuma kai har ƙofar gida, sannan ya cire la'adarsa. Wato duk aikin fatoma yana yi. Amma shekara da shekaru, duk ranar da kaya ya cutar da wani, sai kamfanin ya kakkaɓe riga ya ce shi mai fili ne kawai, a je a nemi mai haja. Mai hajar kuwa wani suna ne da aka rubuta da haruffan da ba su da ma'ana, wanda zai iya rufe rumfarsa yau ya buɗe wata gobe da sabon suna.

Wata shari'a da aka yi a Amurka ta fito da wannan a fili. Wata mata a jihar Kaliforniya ta sayi batirin kwamfuta ta Amazon daga hannun wani kamfani mai rajista a Hong Kong. Bayan ƴan watanni batirin ya fashe ya ƙona ta. Da aka shiga kotu mai sayarwar bai ko leƙo ba, Amazon kuma ya ce ba shi ya ƙera ba, ba shi ya sayar ba. A watan Agusta na 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta jihar ta yanke cewa wanda ya ajiye kaya a rumbunsa, ya karɓi kuɗin, ya aika da kayan cikin kwalinsa, ya shiga tsakiyar ciniki, don haka ana iya kama shi da alhakin aibin. Da na karanta labarin hukuncin sai na ji kamar alƙalan sun taɓa zama a zauren kakana.

Abin da ya sa maganar ta yi zafi a ƴan shekarun nan shi ne yawan ƙananan ƙunshi. Ƙasashe da yawa sun daɗe da yafe kuɗin duwan ga ɗan ƙaramin saƙo, domin wahalar lissafinsa ta fi abin da za a samu. A Tarayyar Turai an sa iyakar a yuro 150, kusan jika 98 ke nan a kuɗinmu; a Amurka kuwa a 2016 aka ɗaga ta zuwa dalar Amurka 800. An yi wannan rangwame ne saboda tsarabar matafiyi da kyautar ɗan'uwa, sai ga shi ya zama babbar hanyar fatauci. A shekarar 2024 ƙunshi biliyan 4 da miliyan 600 irin waɗannan suka shiga Tarayyar Turai, kimanin miliyan 12 kowace rana, kashi 91 cikin 100 daga Sin. Babu ma'aikatan duwan da za su iya buɗe ko da kaɗan daga cikin wannan tuli. Mai kanti da ya shigo da kwantena ya biya haƙƙin hukuma, an duba kayansa, an san ƙofarsa. Abokin gasarsa ya raba kwantenar gida dubu goma ya wuce ta ƙarƙashin ƙofa.

Hukumomin duniya sun bi hanya biyu wajen magance lamarin. Ta farko ita ce tilasta wa baƙo ya sami mai masauki. Tun ranar 1 ga Yuli na 2021 Tarayyar Turai ta ɗora wa kamfanonin kasuwa karɓar harajin TVA a kan ƙananan kayan da baƙi ke sayarwa ta hannunsu, kamar yadda ake karɓar kuɗin kasuwa ta hannun dillali. Dokarta ta 2022 kan ayyukan intanet, wadda ta hau kan kowa a watan Fabrairu na 2024, ta hana kamfani barin ɗan kasuwa ya baje haja sai ya karɓi sunansa da adireshinsa da lambar wayarsa da takardar shaidarsa da asusun da kuɗi ke shiga, ya kuma yi ƙoƙarin tabbatar da gaskiyarsu. In an gano haramtaccen kaya, wajibi ne ya sanar da waɗanda suka saye shi cikin watanni 6 da suka gabata. Tarar wanda ya saɓa tana iya kaiwa kashi 6 cikin 100 na cinikinsa na duniya a shekara. Wata dokar kuma, wadda ta fara aiki ranar 13 ga Disamba na 2024, ta ce ba a sayar wa mutanen Turai kayan masarufi sai akwai wani mai mazauni a cikin Tarayyar da zai amsa kira game da lafiyar kayan, a kuma rubuta sunansa da adireshinsa a jikin kayan ko a kwalinsa. A cire kalmomin lauyoyi, abin da ya rage shi ne fatoma.

Amurka ma ta yi doka makamanciyar wannan, wadda ta fara aiki a watan Yuni na 2023: duk wanda ya yi ciniki 200 da kuɗinsu ya kai dalar Amurka 5,000 cikin shekara guda, sai kamfanin kasuwa ya tantance shi. Kada kuma a ɗauka wannan wata ƙiyayya ce ake yi wa Sinawa, domin ita kanta Sin ta riga su. Dokarta ta cinikin intanet, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu na 2019, ta wajabta wa kamfani tantance masu haja, ta kuma haɗa shi da su wajen biyan diyya idan ya san kaya na da illa ya yi shiru.

Hanya ta biyu ita ce tsuke ƙofa. A watan Nuwamba na 2021 Faransa ta sa aka cire kasuwar Wish daga manhajojin bincike, bayan masu sa ido sun gwada kayan wasan yara da na lantarki sun tarar da yawa cikinsu na da haɗari. A 2023 Indonesiya ta hana baƙi sayar wa mutanenta kai tsaye duk wani kaya da kuɗinsa bai kai dalar Amurka 100 ba, domin kare ƙananan masu sana'arta, a 2024 kuma ta toshe Temu. Brazil ta ɗora harajin kashi 20 cikin 100 a kan ƙananan saye a 2024. Amurka ta soke rangwamen dala 800 ga kayan Sin a watan Mayu na 2025, ta soke shi ga kowa a ƙarshen Agusta. A Disamba na wannan shekarar ƙasashen Turai suka amince da ɗora yuro 3 a kan ƙananan kaya, wato kusan jika 2. Kowace ƙasa da dalilinta, kuma ba duka ne don lafiyar mai saye ba. Wani don baitulmali ne, wani don siyasa. Haraji yana daidaita gasa tsakanin mai kanti da mai ƙunshi, amma ba ya gaya wa uwar da abin wasa ya shaƙe ɗanta ƙofar da za ta buga.

To mu fa? Mu a nan kayan ba sa zuwa mana kamar yadda suke zuwa wa mutumin Faransa. Yawancin gidajenmu ba su da lamba, katin banki bai wadata ba, teku kuma ta yi mana nisa, balle tun 2023 da rufe gadar Gaya ya karkatar da hanyar Kwatano zuwa Lome. Saboda haka muka koma ga abin da muka sani, wato sautu. Wata yarinya mai wayo za ta ɗauko hotunan takalma da jakunkuna da agoguna daga AliExpress ko Shein ta zuba a WhatsApp ko Facebook, mata su zaɓa, su aika mata kuɗi, ita kuma ta haɗa ta tura wa wani ɗan ƙasa da ke zaune a Guangzhou ko Dubai, ya saye ya auna da kilo ya sa a jirgi. Ashe dillali bai mutu ba, ya dawo ne da mayafi da waya a hannu.

Bambancin shi ne, kakana ya ga bajimin da idonsa, ya kuma ga wanda ya kawo shi, amma wannan yarinya hoto kawai ta gani. Ƴar wata abokiyar aikina a makaranta tana irin wannan sana'a. Bara ta tara sautun fitilu masu aiki da hasken rana daga matan unguwa fiye da 20, domin hoton ya nuna fitila babba mai iya caja waya. Bayan wata biyu kaya suka iso, ga su ƙanana kamar tafin hannu, rabi ba sa kamawa, ɗaya kuma ta narke a kan katifa, Allah ya kiyaye ba a yi gobara ba. Ta koma neman mai hajar ta tarar rumfar ta ɓace. Matan unguwa ba su san kowa a Sin ba, ƙofar gidan uwarta suka sani. Albashin uwar na wata biyu ya tafi wajen biyan mutane. Kamfanin da ya ci la'ada ya ci, mai haja ya ci, mai jirgi ya ci, asara ta sauka a kan wadda ta fi kowa ƙaramin ƙarfi a cikin jerin. An ce araha ba ta ado, amma a nan wanda bai ci arahar ba shi ya biya.

Malamanmu na zaure ba za su ga baƙon abu a wannan mas'ala ba. Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a garuruwanmu ya halatta sayar da abin da ba ya nan bisa siffantawa, har ma da sayen dilar tufafi ba a kwance ta ba, bisa takardar da ta lissafa abin da ke ciki, wadda ake kira barnamaj. Maganar tana cikin Muwaɗɗa da Risala. Sharaɗin shi ne kaya ya zo daidai da siffa, in ya saɓa mai saye yana da zaɓin mayarwa. Hoton da ke cikin waya barnamaj ne na zamani. Sai dai haƙƙin mayarwa ba ya amfani idan babu wanda za a mayar wa, kuma nan ne cinikin intanet ke komawa cinikin biri a sama.

Duk da haka ina jin tsoron masu cewa a kori baƙo kawai a huta, domin mu ma baƙi ne a kasuwannin wasu. Dattawanmu ba su manta da watan Nuwamba na 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta Gana ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice, mutanenmu da yawa suka dawo sun bar rumfuna da gidaje. Ko a intanet ɗin ma takobin kaifi biyu gare shi. Maƙerin azurfa na Agadas da badukun Damagaram da ke son sayar wa Bafaranshe kai tsaye, yanzu su ne baƙin da dokar Turai ke tambaya wa ya tsaya musu. Babban kamfani yana iya ɗaukar wakili a Turai ba tare da ya ji a jikinsa ba. Mai ƙera zobe goma a wata ba zai iya ba shi kaɗai. A nan nake ganin aiki ga ƙungiyoyinmu na al'adu da na masu sana'ar hannu, irin waɗanda ke haɗuwa a Wadata ta Yamai: ƙungiya tana iya yi wa mutum ɗari masauki guda, ta riƙe musu wakili ɗaya da takardu ɗaya, kamar yadda zango ɗaya ke ɗaukar ayari.

Game da baƙin da ke sayar mana kuwa, gaskiya ita ce hannunmu shi kaɗai gajere ne. Nijar tana da doka kan ciniki ta hanyar lantarki tun 2019, amma sammacin da aka rubuta a Yamai ba ya isa Guangzhou. Turai ta iya tanƙwara waɗannan kamfanoni ne saboda tana da masu saye kusan miliyan 450 da ba wanda ke son rasawa. Ƙasa ɗaya mai ƙaramar kasuwa in ta tsananta, kamfani zai ɗauke sunanta daga jerinsa ne, kayan kuma su ci gaba da shigowa ta Kano da Jibiya, ta iyakar da ta kai kusan kilomita 1,500. Maganar ta fi ƙarfin ƙasa guda. A Yamai aka ƙaddamar da kasuwar bai ɗaya ta Afirka a watan Yuli na 2019, a Fabrairu na 2024 kuma shugabannin nahiyar suka amince da yarjejeniyarta kan cinikin intanet. A irin wannan taro, ko tsakanin ƙasashe 8 masu amfani da kuɗin CFA na yammacin Afirka, ake iya cewa da murya ɗaya: duk kamfanin da ke cin la'ada a kan mutanenmu ya ajiye wakili a cikinmu, mai ofis da suna, wanda alƙali zai iya kira.

Kafin wannan rana akwai abin da ke hannunmu. Masu karɓar sautu sun cancanci hukuma ta san da zamansu ta hanya mai sauƙi, rajistar da ba za ta zama sabon dalilin tatsa ba, domin a bambanta mai amana da mai cin kuɗin mutane ya kashe waya. Ya kamata su haɗa kansu kamar yadda dillalan kara ke da sarkinsu, su riƙa sanar da juna rumfunan da suka yi ha'inci, su saba da rubuta wa mai saye abin da ya biya da abin da aka siffanta masa. Sannan a ware kayan da ba a wasa da su, wato magani da man shafawa da abincin jarirai da duk abin da ake haɗawa da wuta, a ce waɗannan ba sa shigowa ta sautu sai ta hannun wanda aka sani, aka kuma duba kayansa.

Saura namu, mu malamai. Yaran da ke gabanmu a aji su ne za su yi yawancin cinikinsu da mutanen da ba za su taɓa gani ba. Muna koya musu lissafin riba da faɗuwa, muna koya musu tarihin ayarin Azbin da hanyar Gwanja kamar labarin da ya wuce. Zai yi kyau mu haɗa musu darussan biyu, su gane cewa fatoma da dillali da la'ada dabaru ne da kakanninsu suka ƙirƙiro domin amana ta yiwu tsakanin mutanen da ba su san juna ba, kuma manyan majalisun duniya sun shafe shekaru suna muhawara kafin su iso inda zaure ya daɗe da isowa. Yaron da ya fahimci haka, in ya ga kaya mai kyau da araha a waya, zai duba sunan mai haja, ya nemi adireshinsa, ya tambayi wanda zai mayar wa in abin ya saɓa, kafin ya taɓa kuɗin uwarsa. Allah ya sa albarka a kasuwanninmu, na ƙasa da na iska.